Godiyar Alhaji Maikano

Ruwan farko ya sauka a Tudun Gawo ranar wata Laraba da hantsi, irin ruwan nan mai nauyi da manomi ke ji har cikin ƙashinsa. Kafin azahar gari ya watse. Duk mai iri a rumbu ya saɓa sungumi, mata da yara suka bi bayansa da ƙorai, ana sara ana zubawa ana takewa da diddige. Uwani kuwa tana tsakar gida ta zuba wa rumbunsu ido, rumbun da ko ɓera ya daina wahalar da kansa wajen leƙa shi.

Ba su da iri. Bara ruwa ya ɗauke hatsi na tsakiyar fid da kai, abin da ya tsira kuma tsutsa ta bi ta kansa. 'Ya'yansu maza suna can ci-rani a Najeriya, sun bar musu jikoki. Da bazara ta yi tsanani, kukan yaran ya ishe ta, Uwani da hannunta ta sauko da damin irin da aka ware tun kaka, ta sussuka, ta daka, ta dama musu kunu. Mijinta Gajere ya dawo daga masallaci ya ga ƙaiƙayi a gindin turmi, ya dubi inda damin yake a da, bai ce komai ba. Har ranar da ruwan nan ya sauka bai ce ba.

Wanda ba manomi ba ne ba zai gane nauyin abin ba. A ƙasar Yekuwa, inda Tudun Gawo take, a ce mutum ya ci irinsa, an gama zaginsa ke nan. To, balle Gajere. Sunan ne kawai gajere. Mutumin nan a ƙuruciyarsa ya noma dami dubu a damina ɗaya, ya tara jama'a ya rabar da shi har zangarniyar ƙarshe, aka naɗa shi Sarkin noma. Har yanzu in ya shiga kasuwa ana tashi a ba shi wurin zama.

Duk da haka, da a shekarun baya ne, Uwani ba za ta damu ba, don akwai Alhaji Maikano.

Alhaji Maikano mutumin Bande ne. Da dakon gyaɗa ya fara a Magariya, buhu a ka, har Allah ya buɗa masa ya zama shi ke cika manyan motoci da gyaɗa da wake zuwa Kano. Tsofaffi sun ce yana yaro aka yi wata shekarar yunwa, mahaifinsa ya ci irinsa, ya je ƙofar wani mai hali roƙo. Mai halin ya ba shi, ba a ce bai ba shi ba, amma sai da ya tsayar da shi a gaban 'yan hira ya yi masa wa'azi a kan tattali. Mahaifin ya kawo hatsin gida, ya ajiye, ya sa kai kudu, ba a sake ganinsa ba. Maikano bai taɓa ba da wannan labari da bakinsa ba. Abin da ya yi, da ya samu, sai ya kafa gidauniya, ya gina mata babbar mangaza, wato ɗakin ajiya, a Magariya, ya cika ta da irin hatsi.

Yadda yake rabon ne abin faɗa. In bazara ta kusa ƙarewa, sai a ga amalanku sun fito, shi kuma yana biye a tsohuwar motarsa, ƙauye bayan ƙauye har ƙasar Dungas. Ba ya tambayar wa ke da shi, wa ba ya da shi. Kowane gida yake shiga, gidan mai rumbu biyar da gidan wanda tukunyarsa ta kwana biyu a kife. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya ce wa maigida, "Alfarma na zo nema. Wani iri na samo, ban yarda da shi ba. Ka gwada mini shi a gonarka, in ga ko zai yi." Maigida ya ɗan ja aji, ya ce, "To, Alhaji, zan duba." Alhaji ya ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri." Shi ke nan. Da kaka mai hali ya mayar da dami uku ko huɗu ya ce irin ya yi kyau, marar hali ya kai ɗaya, ko ya kai labari kawai, shi ma a yi masa godiya. Kowa ya san abin da ake ciki, har yara sun sani, amma babu wanda ya taɓa faɗa. Mutum ya karɓi sadaka kansa a miƙe, kuma ko maƙwabcinsa na katanga ba zai iya rantsuwa cewa da yunwa ya karɓa ba.

Alhaji ya rasu bayan kaka. An yi kuka na gaskiya, ba na ganin ido ba. Gidauniya ta koma hannun ɗansa Nafi'u, wanda ya yi karatu a Yamai. Mutane suka ce kyan ɗa ya gaji ubansa, suka zuba ido kan hanya. Bazara ta zo ta wuce, babu amalanke.

Ranar ruwan nan da la'asar, Hamissou maƙwabcinsu ya dawo daga Magariya da labari. Mutum ne mai amalanke da sa guda, mai yawan iyali, shi ma rumbunsa iska ce a ciki. Ya tsaya a zaure ya faɗa wa Gajere, Uwani tana ji daga bayan zana.

"Sarki, bana ba a kawowa. An ce iri na nan cike da mangaza, amma sai wanda ba ya da shi za a ba, kuma maigida ne zai je da ƙafarsa. Ranar Asabar za a yi taro."

"Asabar?" in ji Uwani, ta manta ba da ita ake magana ba. "Ruwa ya sauka yau, a ce Asabar?"

"Baƙi ake jira daga Yamai, Inna. Su suka taimaka da kuɗin. An ce ba a buɗe mangaza sai sun iso."

Gajere ya ce Allah ya kai mu, ya sallami Hamissou. Da ya shigo ciki ya ce mata ba za shi ba.

Uwani ba macen da ake rufe wa baki da kalma ɗaya ba ce. Ta bari ya zauna, ta ajiye masa ruwa, sannan ta fara. Ta ce ita ma ba ta son abin, wa zai so? Duk wanda aka gani a wurin nan an san abin da ya kai shi. Amma gona tana can kwance, laima na tafiya, jikoki kuma ba sa cin sarauta. Ta ce in bai shuka bana ba, baɗi ba roƙon iri za su yi ba, roƙon tuwo za su yi, gida gida.

"Ni na daka irin nan, Sarki, na sani. In kunya ce, tawa ce. Amma an ce mace ba ta karɓa."

Gajere ya kurɓi ruwan da ta ajiye masa. Can ya ce, "Ki wanke mini farar rigata."

Alhamis da Juma'a rana ta buɗe kamar da gayya. Uwani takan fita bayan gari ta tona ƙasa da yatsa, kullum sai ta ƙara nitsa hannu kafin ta ji sanyi. A gonakin masu hali har an gama shuka an koma gida. Tana tsaye tana kallon tasu gonar, babba, shararriya, ba ko sawun sungumi, tana tuna cewa irin da zai cika ta yana can a kulle yana jiran waɗanda ba su taɓa riƙe hauya ba su gama shirinsu. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ranar Asabar suka hau amalanken Hamissou. Ta ce ita ma za ta, don ba ta yarda in Gajere ya kai bakin Magariya ba zai juyo ba.

A ƙofar mangaza an kafa rumfuna, an jera kujeru, an ajiye ruwan gora a kan tebur. Wannan na baƙi ne. Manoma kuwa an nuna musu fili a rana, suka zazzauna a ƙasa, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Dattawa ne da yawansu, masu furfura, waɗanda a garuruwansu su ke raba gardama. An tara buhunan iri kamar tsauni, kuma a jikin kowane buhu ga fuskar Alhaji Maikano. Uwani ta riƙe baki. Mutumin da a rayuwarsa in ya ga mai ɗaukar foto sai ya juya ƙeya! Fotonsa guda ne a duniya, wanda aka tilasta masa don tafiya Makka, shi aka nemo aka buga a buhu, aka kuma ƙara masa girma aka rataya a bango.

Baƙi ba su iso ba, rana tana ta hawa. Uwani ta hango Nafi'u yana kai da kawo, waya a kunne, gumi ya jiƙa masa shadda. Ta san shi tun yana biyo mahaifinsa ƙauye. Ta tashi ta tare shi.

"Nafi'u, ba ka gane ni ba?"

"Inna Uwani, ina zan manta ki? Ina Baba Sarki?" Ya rusuna ya gaishe ta yadda ya kamata, wannan kam ba a raina masa.

"Ga shi can a rana. Ɗana, ruwa ya sauka tun Laraba. Ƙasa ba ta jiran baƙo. Ka buɗe ka ba mutanen nan su tafi, in baƙinka sun zo ka ba su labari."

"Inna, da ikona ne da na yi. Abin da Baba ya bari ba zai kai ko'ina ba bana, shekarar ta yi muni. Mutanen nan su suka cika mangazar, kuma sun ce sai sun gani da idonsu, sai an ɗauki foto sun nuna a can. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Kuma ki duba, da Baba har masu rumbu biyar yake ba. Ɓarna ce. Yanzu mabuƙaci kawai za a ba, ya samu da yawa."

"Ɓarna," in ji Uwani.

"Ki yi haƙuri, ga su nan sun iso."

Ya ruga. Ta bi shi da kallo. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da mugu ne da ta zage shi ta huta. Yaro ne da ya girma a gidan, ya ga amalankun, ya ji kalmomin da kunnensa, amma bai taɓa tambayar kansa me ya sa attajiri kamar ubansa yake tsugunawa a zauren talaka ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Aka yi jawabai da Faransanci, ɗaya bayan ɗaya, tafinta yana juyawa. An yabi marigayi har an gaji. An ce uban marayu ne, an ce gatan marasa gata. Akwai wata kalma da baƙin ke ta maimaitawa suna nuna mutanen da ke zaune a ƙasa, tafinta kuma duk sa'ad da ta zo sai ya ce "gajiyayyu." Uwani ta dubi hannuwan mazan nan, hannuwan da suka yi kanta saboda noma, ta ji kamar ta tashi ta tambayi mai jawabin wa ya gaji a cikinsu.

Sannan aka fara kira. Mutum ya fito, a ɗora masa buhu a hannu, baƙo ya dafa gefe ɗaya, Nafi'u ya dafa ɗaya, a ce ya ɗaga kai ya dubi mai foto, a kai masa lasifika bakinsa ya yi godiya. Da aka zo kan Hamissou, ya yi godiyarsa murya ƙasa-ƙasa. Mai foto ya ce bai samu ba, a sake. Ya sake. Aka ce ya ɗan yi murmushi. Hamissou, mai 'ya'ya har da na aure, ya buɗe haƙora a gaban jama'a kamar yaron da aka ba alewa, ya ce ya gode a karo na uku. Da ya sauko bai dubi kowa ba.

Aka kira Gajere.

Ya tashi a hankali, ya kakkaɓe farar rigarsa, ya taka zuwa gaban rumfa. Nafi'u da ya gan shi sai fuskarsa ta washe, ya karɓi lasifika da kansa. Shi a ganinsa girmamawa zai yi.

"Jama'a, wannan da kuke gani ba ƙaramin mutum ba ne. Sarkin noman Tudun Gawo ne, abokin mahaifina. Ya taɓa noma dami dubu ya rabar. Amma ku dubi yadda shekarar nan ta yi da mutane: yau ko tiya ɗaya ta iri babu a gidansa." Ya juya ya faɗa wa baƙi da Faransanci. Suka girgiza kai don tausayi, sannan suka tafa.

Tafin nan ya shiga kunnen Uwani kamar mari. Abin da ta ɓoye tun bazara, abin da mijinta ya haɗiye bai ko faɗa mata ba, ga shi an shanya shi a lasifika, ana ji har bakin kasuwa. Kuma ita ta kawo shi. Ita ta wanke rigar.

Aka ɗora masa buhu. Mai foto ya ɗauka. Nafi'u ya kai lasifika bakinsa ya ce, "Baba, sai ka yi godiya."

Gajere ya dubi fuskar da ke jikin buhun, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya yi magana, ba da ƙarfi ba, amma lasifika ta kai ta ko'ina.

"Ɗana, shekara da shekaru ina karɓar hatsi a hannun mutumin nan. Na karɓa ina da shi, na karɓa ba ni da shi. Bai taɓa sanin wanne ne wanne ba, don bai tambaya ba. Kuma ban taɓa ce masa na gode ba. Shi yake cewa."

Ya sunkuya ya ajiye buhun a gaban Nafi'u, a hankali, ya juya shi yadda fuskar Alhaji ba za ta taɓa ƙasa ba. Ya miƙe ya fita ta tsakiyar mutane. Tafinta bai san ko wannan ma ana juyawa ba. Nafi'u ya tsaya riƙe da lasifika. Wani daga cikin masu shirya taron ya yi maza ya kira suna na gaba, aka ci gaba. Fotonsu dai sun riga sun samu.

A hanyar komawa Uwani ta rasa wanda za ta fi jin haushi. Buhun Hamissou yana kwance a tsakiyar amalanke, su kuwa hannu rabbana. Ta yi ta cin zuciya har suka wuce gawon da ke kan iyakar gonakinsu, ta hango tasu gonar, ta kasa daurewa.

"To, Sarki, an rama. Yanzu mutunci za mu shuka?"

Ba amsa take nema ba, don da a ce ya yi godiyar nan, ta san ba za ta sake iya kallon idonsa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Hamissou yana ta kora sansa, kamar bai ji komai ba.

Washegari da sassafe, tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar da ba ta san abin da za ta zuba a ciki ba, ta ji sallama a zaure. Gajere ya fita. Ta matsa bayan zana.

Hamissou ne. Ba da buhu ya zo ba, ƙwarya ce babba a hannunsa, cike da iri, an rufe da faifai. Ya tsuguna. Mutumin da jiya aka sa shi godiya sau uku a gaban duniya, mai bakuna goma sha wani abu a gida, wanda abin da aka ba shi ko gonarsa ba lalle ya cika ba.

"Sarki, alfarma na zo nema," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Irin nan da aka ba mu, ban yarda da shi ba. Ka gwada mini shi a gonarka, in ga ko zai yi."

Uwani ta dafe zana da hannu biyu. Ta ji mijinta ya yi gyaran murya, ya sake yi, kafin maganar ta fito.

"To, Hamissou, zan duba."

"Na gode, Allah ya saka da alheri."

Hamissou bai kai ga fita ba aka sake yin sallama. Wani dattijo ne daga unguwar gabas, shi ma jiya yana cikin masu zama a rana, da 'yar jakarsa a hammata. Shi ma, in ji shi, bai yarda da irin ba.

Uwani ta koma ciki hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta ɗauko sungumin da ke jingine tun bara, ta tashi jikoki, ta raba musu ƙorai. A gona ƙasa ta riga ta bushe daga sama, kwanakin da aka ɓata ana jiran baƙi sun tafi da rabin laimar, kuma babu mai biyan wannan. Gajere ya sara, ta duba ramin, ta ce ya ƙara zurfi. Ya ƙara. A can ƙasa akwai sauran sanyi kaɗan. Ta zuba iri, ta take da diddige, ta matsa rami na gaba.